Tashar Jirgin Ƙasa a Yauri: A Yi Lissafi Kafin a Yi Guɗa

Babu ko taƙi ɗaya na layin dogo a jihar Kebbi. Haka Turawa suka bar mu, haka aka yanke mu daga Sakkwato a 1991, haka muke har yau. Layin da ya doso yammacin ƙasar Hausa daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ya tsaya cak. Mutumin Yelwan Yauri da ke son ganin jirgin ƙasa da idonsa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 200, ya gangara Kwantagora, ya nufi Zungeru ko Mokwa. Shi ya sa duk ranar da aka ambaci layin nan da ke zane a takardun Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya, wanda zai taso daga Illela ya ratsa Sakkwato da Jega da Yauri ya sauka Makera, sai ka ga fuskoki sun washe, ana lissafin inda za a kafa tasha da wanda filinsa zai yi tsada.

Ina cikin masu son ganin Yauri ta ɗaukaka, kuma na san zafin da ke ƙarƙashin wannan buri. Ƙasar da ta ba da gonakinta da gungunanta domin Nijeriya ta sami wutar lantarki tana gani ana shimfiɗa sabon dogo har Maraɗi, ita ko waiwayarta ba a yi ba. Duk da haka ra'ayina shi ne mu sauke tashar jirgin ƙasa daga kan gaba cikin buƙatunmu. Mai shirin guɗa ya dakata a karanta masa lissafi tukuna, domin a cikin lissafin akwai abin da gwamnati za ta biya da bashi, akwai kuma abin da mu za mu biya da gonakinmu da shekarunmu, har da rayukanmu.

Zan fara da nesa da gida, da Japan, saboda babu mai zargin mutanen can da rashin iya tafiyar da jirgi ko sakaci da gyara. Tun 1872 suke harkar. A yammacin babban tsibirinsu akwai wani kogi, Gonokawa, wanda ya taso daga duwatsun lardin Hiroshima ya faɗa teku a garin Gotsu na lardin Shimane. Shekaru aru-aru jiragen katako ne ke dakon ƙarfe da gawayi da shinkafa a kansa. Mutanen bakin kogin suka yi ta roƙon a kawo musu dogo. Aka buɗe guntun farko daga Gotsu a 1930, aka ci gaba kaɗan-kaɗan, yaƙi ya tsayar da aiki, sai a 1955 aka buɗe wani guntun daga ɗaya bakin, wato Miyoshi. Ba a haɗe su ba sai 1975. Shekara 45 ke nan ana gina kilomita 108 da tashoshi 35. Sunansa layin Sanko.

Cikin tashoshin da aka buɗe a 1975 akwai wata mai suna Uzui. A wurin, layin ya fito daga ramin wani dutse ne ya shiga ramin wani, sai aka ɗora tashar a kan gada, mita 20 sama da rufin gidajen ƙauyen. Mai son shiga jirgi sai ya taka matakala 116, kuma babu na'urar da za ta ɗaga shi. Aiki ne na gwaninta, ba wanda zai gan shi bai jinjina ba. Sai dai kafin a gama shi zamani ya riga ya juya. Kwalta ta shigo, gidaje sun sayi motoci, samari sun watse birane, an bar tsofaffin da gwiwarsu ba ta ɗaukar matakala 116. Layin kuma lanƙwasar kogi yake bi, sai mutum ya share fiye da awa uku daga wannan baki zuwa wancan, alhali mai zuwa birnin Hiroshima yana da titi miƙaƙƙe. Ambaliya ta lalata shi a 2006, aka gyara. Ta sake lalata shi a 2013, aka sake gyarawa, kuma kowane karo sai da wani sashe ya yi kusan shekara jirgi bai bi shi ba. A wajen 2014, idan mutum ya tsaya ko'ina a kan layin ya ƙirga fasinjojin da jiragen yini guda suka wuce da su, abin da zai samu bai wuce 50 ba. Kamfanin JR West mai riƙe da layin ya sanar da rufewa a 2016, jirgi na ƙarshe ya bi layin ran 31 ga Maris 2018. Shekarun da aka yi ana gininsa sun fi waɗanda ya yi yana aiki a haɗe.

Ba Sanko kaɗai abin ya shafa ba. A 1980 majalisar Japan ta yi doka cewa duk layin da fasinjojinsa ba su kai 4,000 a yini bisa wannan awo ba, a mayar da shi hanyar bas ko a miƙa shi ga ƙananan hukumomi da kamfanoni, sai fa in babu titin da zai maye gurbinsa. Layuka 83 suka faɗa cikin wannan hukunci, tsawonsu ya haura kilomita 3,000. A 1987 aka raba hukumar jiragen ƙasa ta gwamnati gida-gida, tana da bashin da ya kai yen tiriliyan 37 a wuyanta. A 2016 kamfanin da ke riƙe da tsibirin Hokkaido ya fito fili ya ce kusan rabin layukansa ba zai iya ɗaukar nauyinsu shi kaɗai ba. A riƙe adadin nan na 4,000. Motar bas mai cin mutum 18 sai an cika fiye da 220 kafin a kai shi, kuma kullum ta Allah, ba ranar kasuwa kawai ba. Mai karatu ya tsaya bakin titin Yelwa zuwa Kwantagora daga asuba zuwa dare ya ƙirga motocin fasinja da kansa.

Na san amsar da za a ba ni: su Japan raguwa suke yi, mu ƙaruwa muke yi. Gaskiya ne. To amma mu duba namu tarihin. A 1964 jiragen ƙasan Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma fasinja sun koma ƙasa da miliyan 5, kaya suka koma kusan tan miliyan 1. A cikin shekarun nan goma jama'ar ƙasar ƙaruwa suka yi. Abin da ya faru shi ne kwalta da babbar mota sun zo sun kwashe ciniki, ga yaƙin basasa ya yanke layin gabas, ga gyara ya tsaya. Yawan jama'a bai riƙe layin da ya ratsa Kano da Kaduna da Ibadan ba, balle wanda zai ratsa Koko da Tungan Giwa.

Tashoshin da muke da su a Arewa ma shaida ne, kuma suna nan ga mai son zuwa. Zungeru ce hedkwatar Arewa daga 1902, kuma ɗan siririn dogon farko da aka shimfiɗa a Arewa daga nan ya tashi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna. Babban layi ya zo ya ratsa garin, aka yi tasha. Da aka mayar da hedkwata Kaduna a 1917, tashar ba ta riƙe garin ba. Baro ita ce mafarin layin da aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911. Jiragen ruwa su kawo kaya daga teku, jirgin ƙasa ya ɗauka. Da aka haɗa layin da na Legas a Minna, aka kuma gama gadar Jebba, kaya suka canza hanya, daga baya reshen Baro ya mutu, ciyawa ta rufe shi. Layin Zariya zuwa Jos da aka gama a 1914 domin kuza an rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafansa. Ƙaura Namoda da Nguru, ƙarshen layi biyu da gyaɗa da auduga da fatu da shanu suka raya, sun yi shekaru masu yawa kukan jirgi sai jefi-jefi ko babu sam. Ginin tasha yana tsaye a duk waɗannan garuruwa, kuma bai hana kasuwa barin su ba.

Kano fa? Nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu son dogo, kuma ba zan raina ta ba. Turawa auduga suka sa rai layin Kano zai kwaso, sai manoma da fatake suka zaɓi gyaɗa. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba a 1912, a 1913 ta haura tan 19,000. Jirgin ƙasa ne ya yi wannan, ba musu. Amma da wa ya yi gasa a lokacin? Da jaki da raƙumi da takarkari da ɗan dako. Duk wanda ya zo da tarago a wannan zamani dole ya ci kasuwa. Jirgin da zai zo Yauri yau da tirela zai yi gasa, wadda ke shiga har bakin gona ta kuma sauke har cikin kasuwa.

Yanzu mu zo kan kuɗi. Layin Abuja zuwa Kaduna kilomita 186 ne, an buɗe shi a Yulin 2016, ya ci kimanin dala miliyan 870. Kowace kilomita ta tashi a kan kusan dala miliyan 4.7 ke nan. Na Kano zuwa Maraɗi, da reshensa na Dutse, an ba da kwangilarsa a kan kusan dala biliyan 2, kuma in ka raba za ka ga kilomitarsa ta ɗan fi waccan tsada. A bisa wannan farashi, kilomita 200 kacal da za ta sada Yelwa da tsohon layi za ta doshi dala biliyan 1, kafin a ce an nufi Jega da Sakkwato. Wannan ya fi kasafin jihar Kebbi na shekara guda, da albashinsa da asibitocinsa da makarantunsa gaba ɗaya. Ƙasarmu kuma ƙasar rafuka ce da fadamu, duk inda dogo zai tsallake ruwa sai gada ko kwalbati mai tsada.

Kuɗin nan ba a aljihu suke ba, rance ne. Dala miliyan 500 daga cikin na Abuja zuwa Kaduna wani bankin ƙasar Sin ne ya bayar, a lokacin da dala ɗaya take wajen naira 150. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Bashin da dala ake biyansa, tikiti kuwa da naira ake sayar da shi. Wanda ya ce kuɗin Tarayya ne ba namu ba ya tuna daga tukunya ɗaya ake biyan bashi ake kuma raba kason jihohi da ƙananan hukumomi. Abin da aka tura wa mai bashi shi ne bai iso Ngaski da Shanga ba.

Wannan duk kuɗin gini ne, kuma shi ne mai sauƙi, domin shi ake yi wa biki. Kowane mai doki ya san sayensa rana ɗaya ce, harawa da dusa da kanwa kuwa kullum ne, ko an hau ko ba a hau ba. Dogo yana buƙatar masu bin sa da ƙafa suna duba ƙusoshi, da tsakuwar da za a riƙa ƙara masa, da share magudanai kafin damina, da man gas, da makanikai, da kayan gyaran da ba a ƙera su a ƙasar nan, da masu tsaron mararraba inda shanu da babura ke tsallakawa, da albashin ma'aikatan kowace tasha. Ko tarago ɗaya ne ya wuce a mako, wannan kuɗi ba ya raguwa sosai. Japan mai arziki ta gyara Sanko sau biyu bayan ambaliya, daga ƙarshe ta ce ta gaji. Mu da muke ganin yadda kogin Kwara ke tumbatsa, da yadda gada guda kan karye a yi damina biyu ana zagaye, wa muke tsammanin zai gyara mana dogo in ruwa ya ci shi?

Sai tambayar da ba a cika yi ba: me jirgin zai ɗauka? Arzikinmu albasa ce da shinkafa da gero da wake da kifi, ɗanye da banda, da shanu. Jirgin ƙasa yana cin riba ne da kaya masu nauyi iri ɗaya waɗanda ke tashi daga wuri ɗaya zuwa wuri ɗaya duk shekara, kamar siminti da tama da takin zamani da kwantenoni daga tashar teku. Albasa kakarta gajeruwa ce, kuma ba ta son jira, ba ta son yawan ɗauka da saukewa. Buhun da ya fito daga gonar manomin gungu zai hau jirgin ruwa, ya sauka bakin ruwa, ya hau mota zuwa tasha, ya jira tarago ya cika, ya isa Legas, ya sake hawa mota zuwa kasuwar Mile 12. Kowane hawa da sauka akwai kuɗin 'yan dako da asarar da ta ruɓe. Ɗan kasuwa zai gwammace ya yi ciniki da direba ɗaya daga Yelwa har inda za a sauke. Shinkafa kuwa manyan masana'antun da ke casar ta a jihar nan suna Argungu da Birnin Kebbi, tafiyar da babbar mota ke yi a yini. Kuma in har matafiya na nesa suka koma jirgi, a tuna masu abinci da masu faci da masu sayar da kifi a bakin titin Yelwa da Koko da tsayawar motocin nan suke ci. Sabbin tashoshi ba a tsakiyar gari ake kafa su ba. Idu tana gefen Abuja, Rigasa tana gefen Kaduna.

Akwai kuɗin da ba ya shiga takardar kwangila, kuma mu mun fi kowa saninsa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka toshe ruwa a 1968, aka tashi mutum kimanin 44,000 daga ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Busa ta nutse. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa da gero a kan tsibirai da gaɓar kogi, suka rasa ƙasar da ambaliya ke sabunta mata taki duk shekara, aka ba su gidajen siminti a kan tudu. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, har yau akwai tungaye da ƙauyukan bakin tafkin da ke kwana cikin duhu, wayoyin wuta suna tafiya da ita wasu jihohi har da ƙetare. Sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, kuma ta ɗauki shekara goma kafin ta fara aiki. Dogo ma fili yake ci, dogon zango mai faɗi wanda zai raba gona biyu, ya yanke burtali, ya tare hanyar mashaya. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, abin da ake biya diyya shi ne amfanin gona da itatuwa da gini, ban da ita kanta ƙasar. Jikan wanda aka tasa a 1968 zai iya karɓar kuɗin shinkafar damina ɗaya a madadin fadamar da za ta ciyar da zuriyarsa.

Batun tsaro ba sai na tsawaita ba. Ran 28 ga Maris 2022 aka tayar da bam a layin Abuja zuwa Kaduna, aka kashe mutane, aka tafi da fiye da 60 daji, jirgi bai sake tashi ba sai Disamba. Wannan layin fadar ƙasa ke nan. Mu kuma ba mu manta 17 ga Yuni 2021 ba, ranar da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka. Layin da zai ratsa dazuzzukan da ke tsakaninmu da Kwantagora sai an tsare shi taku-taku, daga 'yan bindiga da kuma ɓarayin ƙarfe.

Amma asarar da ta fi ci mini rai ita ce ta jira. An fara layin Itakpe zuwa Warri a 1987, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020. Babbar buƙata tana da wani lahani: ana iya biyanta da alkawari. A ce an sa ta cikin tsari, an ba da aikin bincike, ana neman mai ba da rance, kowa ya koma gida yana murna, wakili ya sami abin faɗa a taro. Ƙaramar buƙata ba ta da wannan maɓoya, ko an yi ko ba a yi ba, ido zai gani. Duk shekarar da muka ɓatar muna roƙon abin da ba zai zo da wuri ba, shekara ce da muka rage murya a kan abin da ke kashe mu yanzu.

Yauri tana da tasha tun kafin a ƙera jirgin ƙasa a duniya, ita ce bakin ruwa. Ta nan Bature matafiyi Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ya halaka a Busa, nan wasu Turawa 'yan'uwa biyu, su Lander, suka sauka a 1830 suka tarar da babbar kasuwa da sarauta mai ƙarfi. Fataken goro masu zuwa Gwanja a wannan yanki suke ƙetare Kwara. Cikin alkawuran madatsar Kainji ma har da sufurin ruwa. An gina mata mashigi na musamman da zai ɗaga jiragen dako ya sauke su, domin su riƙa tasowa daga kudu har Yelwa. Wannan ciniki bai tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, cike da kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye a tsaye, da dubban mutane masu ƙetare shi kowace ranar kasuwa cikin jiragen katako.

Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja ya nufi kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutum fiye da 150 da babura da buhuna. Ya rabe a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwanaki aka yi masunta suna tsamo gawa, mata da yara da yawa a ciki. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa suka ce jirgin tsoho ne kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. A Oktoban 2023 wani jirgin da ya taso daga yankin Agwara zuwa kasuwar Yauri ya kife da mutane masu yawa. Tsakanin waɗannan biyu da bayansu akwai ƙananan haɗurra da ba su kai ga rediyo ba, sai dai gidajen da aka yi zaman makoki. Allah ya jiƙansu. Waɗannan su ne fasinjojinmu na haƙiƙa, kuma ko an kafa tashar jirgin ƙasa a Yelwa gobe, sai sun ƙetare ruwan nan kafin su isa gare ta. Dogon da zai bi gabashin kogi ba zai ɗauko matar da ke tunga a yammacinsa ba.

Kuɗin kilomita ɗaya ta dogo, dala miliyan 4.7, mai karatu ya tambayi farashin rigar ruwa da injin jirgi a kasuwa ya raba ya gani. Abin da bakin ruwa ke buƙata sananne ne ga duk matuƙi: matsaya ta kankare a Yelwa da Zamare da Wara wadda za ta yi aiki ko ruwa ya cika ko ya janye, da sare kututture a sa alama a hanyoyin da jirage ke bi, da jiragen ƙarfe da za a ba matuƙa bashi su biya a hankali, da jirgin ceto mai mai a cikinsa da ma'aikaci a kusa, da wanda zai tsaya da littafi ya rubuta sunan duk mai shiga ya kuma ce ya isa haka. Sai gadar Rofiya zuwa Zamare da aka daɗe ana roƙo, da kula da titin Kwantagora zuwa Yelwa zuwa Koko zuwa Jega, wanda shi ne ke ɗauke da albasarmu a yau.

Ba zan ce wannan kyauta ne ba, domin wanda ya tsananta lissafi a kan dogo bai kamata ya sassauta a kan ruwa ba. Aikin ruwa ma yana mutuwa. An ƙaddamar da yashe Kwara daga Warri zuwa Baro a 2009, aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Baro a Janairun 2019 bayan an kashe biliyoyin naira, ta zauna shekaru babu jiragen dako, babu titin kirki da zai kai mota wurinta. Rigar ruwa da aka raba a gaban kyamara takan ƙare a ɗaki ko a kasuwa in babu mai tilasta sa ta. Shi kuma matuƙi ba don mugunta yake cika jirgi ba. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuɗin mai ya ninka, in aka ce ya ɗauki rabin lodi to kuɗin jirgi zai tashi, kuma talakar da ke kai ƙullin kifi kasuwa ita za ta biya. Dole wani ya ɗauki wannan bambanci, ko ta rangwamen bashin jirgi ko ta tallafin mai a ranakun kasuwa, kuma dole a sa albashin mai littafi da mai ceto cikin kasafi duk shekara, a sa sarakunan ruwa da ƙungiyar matuƙa cikin aikin, tunda su ake jin maganarsu a bakin ruwa. Bambancin shi ne wannan nauyi ne da jiha da hukumar raya yankunan wuta da hukumar hanyoyin ruwa za su iya ɗauka da naira, cikin shekara biyu ko uku, kuma fasinjojinsa suna nan tsaye suna jira, ba sai an yi hasashensu ba.

Masu cewa Nijeriya na da bashinmu a kanta sun yi gaskiya, kuma ina tare da su. Idan wata rana ƙasa ta ga tana buƙatar layin kaya daga Sakkwato zuwa teku domin siminti da taki da cinikin Nijar, ta kuma samo kuɗinsa, to ya bi ta Yauri, a yi mana tasha kusa da bakin ruwa, a biya diyyar ƙasa ta gaskiya kafin a sare itace ɗaya, a faɗa mana a rubuce wanda zai biya kuɗin gyara. Zan yi maraba da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya mu bashin 1968 da zanen taswira, mu kuma mu karɓa mu yi godiya.

Kirana ga ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Yauri da Shanga da Ngaski, da sanatan Kebbi ta Kudu, da 'yan majalisar jiha na masarautar nan, da majalisar Mai Martaba Sarkin Yauri: a kasafin baɗi ku nemi matsayar jirage a Wara da Zamare da Yelwa, da sare kututture, da jirgin ceto, kowanne da sunansa da adadin kuɗinsa da ranar gama shi. Kai kuma mai karatu, duk ɗan takarar da ya zo maka da zancen jirgin ƙasa, ka tambaye shi jiragen ruwa nawa ya sa aka sauya a Wara tun daga Mayun 2021.